RA'AYINMU: Ƙwayar Ais, Kaso Ga Mai Sayarwa, Magani Ga Wanda Ta Kama



A watan da ya wuce wani dattijo ya zo ofishin ƙungiya ran kasuwa. Ya jira sai da mutane suka watse, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ɗansa na fari, saurayi mai shekara ashirin da 'yan kai, ya yi shekara biyu yana bin tirelar shanu zuwa kudancin Nijeriya. Da farko yakan komo da kuɗi da tsaraba. Yanzu ya komo a rame, ba ya barci, ba ya cin abinci, yana cewa wai ana bin sa za a kashe shi, har ya zare wa ƙanensa takobi. Ya sayar da karsana biyu a ɓoye. Abokan tafiyarsa sun ce ais yake sha. Dattijon ya ce mana: "In na kai shi ga hukuma, kaso za su sa shi. In na bar shi, ko ya mutu ko ya kashe wani. To, yaya zan yi?"

A ranar ba mu ba shi cikakkiyar amsa ba. Mun je mun tambayi likitoci da masu sanin doka, ga kuma abin da muka samo, tare da matsayin ƙungiya a kan wannan al'amari. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a rugga, a bakin rijiya, da rumfar dillalai.

MECE CE AIS?

Sunanta na likita metamfetamin. Ba ganye ba ce kamar wiwi, haɗa ta ake yi da sinadarai a gidajen ɓoye. Fara ce, kamar gishiri mai manyan tsaba ko fasasshen gilashi, shi ya sa ake kiranta ais, wato ƙanƙara. Inyamurai suna ce mata mkpuru mmiri. Mafi yawa ƙona ta ake yi a zuƙi hayaƙin.

Ba sabuwa ba ce a duniya. A Japan aka fara haɗa ta a shekarar 1893. A 1938 wani kamfanin Jamus ya fitar da ita da sunan Pervitin, aka riƙa ba sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu don su yi tafiya dare da rana ba barci. Japan ma ta ba sojojinta da ma'aikatanta, bayan yaƙi kuma ta wayi gari da ɗimbin mashaya, dole ta kafa dokar hana ta a 1951. A ƙasar Tailan direbobin manyan motoci ne suka fi shan ta da farko, suna kiranta maganin doki. Da ɓarnarta ta fito fili, a 1996 hukuma ta sake mata suna, ta ce maganin hauka.

Mun kawo wannan tarihi ne don mu nuna ƙofar da take shigowa. Kusan ko'ina ta ƙofar aiki take shiga, ta hannun mutumin da ake so ya yi abin da jiki ba ya iyawa. Mu kuwa muna da irin wannan aiki. Yaron da ke kan tirela daga kasuwannin iyaka zuwa Legas, ko Onica, ko Fatakwal, kwana biyu ko uku yake yi yana tsaye cikin shanu, yana tayar da wadda ta faɗi kada 'yan uwanta su tattake ta. In ya yi gyangyaɗi saniya ta mutu, shi za a tuhuma. Direba ma ana gaggauta shi ya iske kasuwa. A tashar da suka tsaya kuwa akwai mai cewa ga abin da zai hana ka barci. Haka tramol ta shigo mana muna kallo, har ta kai ana ba shanun huɗa. Wadda ke biye da ita ta fi ta mugunta.

Wanda ya sha ais yakan ji ƙarfi da farin ciki na awa takwas zuwa goma sha biyu, barci da yunwa su ɗauke. Dalili shi ne tana matso sinadarin jin daɗi da ke cikin ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, kamar wanda ya tatse saniya sarai bai bar wa maraƙi komai ba. In ta sake shi sai gajiya da baƙin ciki, sai ya nemi ƙari. A kwana a tashi sai rama, da lalacewar haƙora, da bugun zuciya, da hawan jini wanda ke iya kai saurayi ga shanyewar jiki. Sannan zargi: jin muryoyi, ganin kowa maƙiyi ne. Mutumin da ke yawo da sanda da takobi, in zargi ya kama shi, kowa ya san abin da ake tsoro.

ABIN DA DOKA TA CE

A 1971 ƙasashen duniya suka sa hannu a Viyana a kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya game da ƙwayoyi masu juya hankali. Metamfetamin tana cikin rukuni na biyu, wato abin da ba a yarda a haɗa, ko a sayar, ko a riƙe ba sai don aikin likita ko bincike, da izinin hukuma. Yarjejeniyar 1988 ta ƙara sa ido a kan sinadaran da ake haɗa ta da su. Gaskiya ne a Amurka likita na iya rubuta ta, da sunan Desoxyn, 'yar ƙaramar ƙwaya mai miligiram 5, ga wasu marasa lafiya ƙalilan. Kada wani ya ruɗe ku da wannan ya ce ai magani ce. Wadda ake sayarwa a tasha ba ta da awo, ba ta da takarda, ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki.

Duk ƙasashen da bisashenmu ke ratsawa sun haramta ta. A Nijar akwai doka mai lamba 99-42 ta ran 23 ga Satumba 1999, akwai kuma ofishin yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi da ake kira OCRTIS. A Kamaru doka mai lamba 97/019 ce ta ran 7 ga Agusta 1997. A Nijeriya, inda akasarin shanunmu ke ƙarewa, dokar da ta kafa hukumar NDLEA a 1989 ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai haɗa irin waɗannan ƙwayoyi ko mai fataucinsu, ta kuma tanadi shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama yana riƙe da su ko yana sha, ko da yake alƙalai sukan sassauta.

Kada kuma mu ɗauka daga nesa take zuwa. A 2011 NDLEA ta gano gidan haɗa ta na farko a Legas. A watan Maris 2016 ta kama wani babba a Asaba, tare da mutum huɗu 'yan ƙasar Meziko. Asaba kuwa ita ce bakin gadar da tirelolinmu ke hayewa zuwa Onica. A 2021 maganar mkpuru mmiri ta kai har zauren majalisar wakilan Nijeriya saboda yadda ta addabi samari a jihohin kudu maso gabas. Motar da ta kai shanu ba ta komowa wayam. Saboda haka muna gargaɗin direbobi da yaran mota da fatake: kada ku karɓi saƙon da ba ku buɗe kun gani ba, ko na wane ne. In an kama, wanda abin ke hannunsa ake tuhuma, mota da shanun mutane kuma su tsaya.

Game da mai haɗawa da mai sayarwa, ba mu da ja da doka. Wanda ke cin riba da haukan 'ya'yan mutane, a hukunta shi iyakar abin da doka ta tanada, ko ɗan wane ne, ko da ɗan ruggarmu ne. Inda muke da magana shi ne a kan yaron da ta kama.

KASO BA YA WARKAR DA SHI

An jarraba tsanani a wasu ƙasashe an ga iyakarsa. A 2003 gwamnatin Tailan ta ƙaddamar da yaƙi a kan wannan ƙwaya, cikin wata uku aka kashe fiye da mutum 2,000. Ƙwayar ba ta ɓace ba, sai ma ta ƙara yawa da arha a shekarun da suka biyo. A 2021 ƙasar ta kafa sabuwar doka wadda ta fi karkata ga yi wa mashayi magani.

A nan yankinmu ma manya sun yi magana. A 2014 wani kwamiti da Kofi Annan ya kira, wanda Olusegun Obasanjo ya shugabanta, ya ba ƙasashen Afirka ta Yamma shawara su ɗauki shan ƙwaya a matsayin matsalar lafiya, su mai da ƙarfin doka kan manyan masu fatauci. Gana ta bi wani sashe na wannan shawara. A dokarta ta 1990 mai sha shekara biyar ce mafi ƙarancin ɗaurinsa, amma a sabuwar dokar 2020 wanda aka kama da ɗan abin da zai sha tara ake fara yanka masa. A Dakar kuwa tun 2014 aka buɗe cibiyar kula da mashaya a asibitin Fann.

Mu makiyaya mun san abin da kaso ke yi wa yaron daji. Ya shiga bai san kowa ba, sau da yawa ba ya jin harshen da ake yi masa shari'a da shi. Uban ya sayar da bisashe yana bin sawu daga ofis zuwa ofis. Yaron ya fito ya iske garke ya ragu, ga sunan ɗan kaso, ga sababbin abokai da ya samo a ciki, ƙwayar kuma tana nan tana jiransa. Mafi muni, tsoron kaso ne ke sa iyaye su ɓoye ciwon har sai ya kai ga jini. Dattijon da ya zo wurinmu wata shida ya yi yana ɓoyewa.

Haka kuma mari. Mun san akwai masu kai 'ya'yansu gidajen da ake ɗaure su da sarƙa ana duka, da sunan gyaran hali. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka fitar da fiye da mutum 300 daga irin wannan gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Addu'a da nasihar malamai suna da babban matsayi wajen komo da yaro kan hanya, muna kuma neman su. Sarƙa da bulala kuwa ba su fitar da ƙwaya daga ƙwaƙwalwa, ƙara masa zargi da ƙiyayya suke yi.

TO, MENE NE MAGANIN?

Za mu faɗi gaskiya yadda likitoci suka faɗa mana. Har yanzu babu allura ko ƙwayar da hukumomin lafiya suka amince da ita a matsayin maganin jarabar ais. Mashayan hodar heroyin suna da maganin da ake kira metadon, ita wannan ba ta da irinsa. A 2021 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka a kan mutum 403, inda aka haɗa magunguna biyu, naltirekson da bupuropiyon. Kusan mutum 14 cikin 100 ne suka amfana, a kan ƙasa da 3 cikin 100 na waɗanda ba a ba ba. Ci gaba ne, amma kaɗan. Duk wanda ya ce muku yana da allura ko jiƙon da ke yanke ta cikin kwana uku, bajiminku yake so.

Wannan ba ya nufin babu warkewa. Akwai, hanyarta ce mai tsawo, kuma hawa uku gare ta.

Hawa na farko shi ne lokacin tashin hankali. In yaro ya yi kwanaki ba barci, yana surutai, jikinsa ya yi zafi, ko yana kukan ƙirji, a fara kawar da wuƙa da takobi da sanda daga kusa da shi. A kai shi inuwa, a ba shi ruwa, a jiƙa masa jiki. Mutum ɗaya ko biyu da ya yarda da su su yi masa magana a hankali, kada a taru a kansa, kada a yi gardama da abin da yake gani. A kai shi asibiti da gaggawa, a gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha, har da tramol in yana haɗawa. Likita yana da maganin da ke kwantar da zargi da kawo barci, kuma ga mutane da yawa haukan yakan lafa cikin kwanaki ko makonni in sun daina sha.

Hawa na biyu shi ne makonnin farko bayan dainawa. Zai yi ta barci, ya yi ta ci, ya zama ba ya jin daɗin komai. Ba lalaci ba ne, ƙwaƙwalwar ce aka tatse. A wannan lokaci ne wasu ke tunanin kashe kansu, don haka kada a bar shi shi kaɗai, kada a tura shi kiwo nesa, kada a yi masa gori.

Hawa na uku shi ne mafi tsawo, watanni ne har shekara. Abu biyu bincike ya nuna suna aiki. Na ɗaya, zama da mai ba da shawara a kai a kai, yaro ya koyi gane abin da ke tayar masa da sha'awar, kamar wata tasha, ko wani aboki, ko kuɗi a aljihu, ya kuma koyi yadda zai kauce. Akwai wani tsari da aka fara a Kaliforniya mai suna Matrix, na mako 16, wanda ke haɗawa da iyaye a ciki. Na biyu, wanda ya fi kowanne nuna amfani, shi ne tukuici. Ana auna fitsarin mutum sau biyu ko uku a mako, duk ran da aka iske babu ƙwaya a ba shi 'yar kyauta nan take, kyautar tana ƙaruwa muddin ya ɗore. Tun 2023 gwamnatin jihar Kaliforniya da kanta take biyan wannan tukuici. Hotunan ƙwaƙwalwa kuma sun nuna cewa wanda ya yi shekara ɗaya ko fiye bai sha ba, wani sashe na abin da ya lalace yana farfaɗowa. In ya koma ya sha a tsakani, ba a ce an yi asara ba, sake ɗaura niyya ake yi. Da yawa sai sun faɗi sau biyu ko uku kafin su tsaya.

Da muka ji maganar tukuici sai muka tuna da abin da muka gada. Habbanaye ke nan: mutum ya rasa garke, ɗan uwa ya ba shi aron karsana, ya riƙe ta har ta haihu, 'ya'yan su zama nasa. Me zai hana kawu ko baffa ya ɗaure wa yaron da ke neman tsayawa tunkiya bayan wata uku, karsana bayan shekara, a gaban ardo da shaidu, da sharaɗin da kowa ya sani? Kuɗi a hannu haɗari ne gare shi. Dabbar da zai tashi da asuba dominta kuwa dalili ce ta kwana da wuri. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

ABIN DA MUKE NEMA

Daga gwamnatocin ƙasashenmu muna neman abu huɗu.

Na ɗaya, doka ta bambance a fili tsakanin mai sayarwa da mai sha, a ba alƙali hanyar tura mai sha asibiti maimakon kaso. Uban da ya kawo ɗansa da kansa neman magani kada a tuhume shi, kada a tuhumi ɗan.

Na biyu, magani ya iske makiyayi inda yake. Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne, kuma a manyan birane suke, alhali mai bin ruwa da ciyawa ba ya iya zaman wata huɗu a birni. A horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci na garuruwan da ke da kasuwar bisashe, a ba su abin awon fitsari, a sa ranar ganin su ta dace da ranar kasuwa. An taɓa yin irin haka. Masu allura sun bi garke rugga rugga har aka sanar da ƙarewar bushiya a duniya a 2011. A Cadi tun shekarar 2000 aka fara haɗa rigakafin shanu da na yaran makiyaya a fita ɗaya. Taron gishiri na Ingal da sauran tarukanmu na ƙarshen damina wurare ne da za a iske dubban samari a lokaci guda.

Na uku, duk makiyayin da aka kama a ba shi tafinta cikin harshen da yake ji, a sanar da danginsa inda yake.

Na huɗu, kada yaƙi da ƙwaya ya zama sabon dalilin tare duk mai sanda da hula malfa a kan hanya ana tatsarsa. Makiyaya ba su haɗa ais, ba su shigo da sinadaranta. A bi ta inda ta fito.

Mu ma akwai namu. Fatake da masu mota, ku sa yara isassu a kan tirela don su riƙa karɓar juna, ku bar direba ya yi barci. Kwana ɗaya da aka makara bai kai ran mutum ba, bai kai tirelar da ta kife da shanu ba. Sarakunan kasuwa da shugabannin dillalai, kun san rumfar da ake sayar da ita, ku kai ƙara. Ardo da garso da limamai, ku yi maganar a fili, ku daina barin iyaye suna kuka a ɓoye don kunya. Iyaye mata su ne ke fara ganin yaro ya daina cin abinci, a saurare su.

Dattijon nan mun raka shi asibiti da ɗansa. Yaron ya kwana tara a can, yanzu yana wurin kawunsa, nesa da tasha, yana zuwa ganin likita duk ran kasuwa. Ba mu ce ya warke ba, da sauran tafiya. Ofishin ƙungiya a buɗe yake ga duk mai irin wannan damuwa, kuma abin da aka faɗa mana ba ya fita.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare mana garke, ya ba mu damina mai albarka. Amin.